Tsohon lagireto da aikin mai binciken tarihi

A Turai da Amurka akwai wata kasuwa ta tsofaffin motoci inda tsohon lagireto mai yoyo, irin wanda makanikenmu zai wurga bayan gareji ko waiwaye babu, yake iya fin sabo dal daraja. Sharaɗin guda ne: a tabbatar shi ne wanda masana'anta ta ɗaura wa motar ran da aka ƙera ta. Motocin da ake wannan rububi a kansu ƙananan motocin gudu ne na ƙawa, waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1950 da na 1970, kamar Jaguar E-Type ta Ingila da Porsche 911 ta Jamus. Na san babu wanda zai tashi daga Maradi ko Tawa ya je sayen irinsu. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar da masu harkar suke bi kafin su yarda cewa wani ƙarfe na asali ne, domin ita ce dai hanyar da muke fama mu koya wa yara a darasin tarihi: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me ya tabbatar da maganarsa, kuma a kan me shaidar ta yi shiru.

Inji yana bukatar sanyi ne saboda ɓarna ce mafi yawan aikinsa. Man da ke ƙonewa cikin silinda, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne kawai yake juya ƙafafun mota. Wani kashin yana fita ta bututun hayaƙi, sauran kuma ya shige jikin ƙarfe ya zama zafi. In ba a kwashe zafin nan ba, baƙin mai ya tsinke, fistan ya kumbura ya cije, kan inji ya karkace. Motar da Carl Benz ya yi wa rajista a 1886 ruwa take tafasawa kawai, tururi ya tashi da zafin, direba ya tsaya ya ƙara wani. Wilhelm Maybach ne ya kawo babban sauyi. A 1897 ya fito da lagireto mai bututu, a 1900 kuma ya kammala wanda ake kira mai saƙar zuma: ƙananan bututu fiye da 8,000 an jera su an like, iska tana ratsa cikinsu, ruwa yana zagaya bayansu. Da shi Mercedes ta 1901 ta wadatu da ruwa lita 9. Ford Model T da ta fito a 1908 mafi yawanta ko famfon ruwa ba ta da shi, ruwan zafi ne yake hawa sama da kansa, mai sanyi ya sauko, abin da malamin kimiyya zai iya nuna wa aji da kwalba da tiyo. Daga baya famfo ya zama dole, aka ƙara makullin zafi da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, aka kuma ƙara murfi mai riƙe matsi, domin ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba.

Waɗannan kayan su ne mafi wuyar tantancewa a tsohuwar mota, kuma dalilin a fili yake. Gangar jikin inji tana da lamba da aka buga mata, akwatin giya ma haka, kuma suna iya shekara sittin ba a raba su da motar ba. Kayan sanyaya kuwa an yi su ne don su mutu a sauya. Tiyo roba ne, ƴan shekaru yake yi ya tsattsage. Ruwa yana cin ƙarfe daga ciki. In mota ta yi karo, lagireto ne a gaba, shi ne farkon shan kashi. Mai motar da ta yi zafi a 1969 ba ya tunanin masu tarihi, so yake ya isa gida, duk abin da makanike ya samu ya ɗaura masa ya gode. Saboda haka motar da ta kai yau da kayan sanyayarta na farko ta yi dace ne irin na tsohuwar wasiƙar da gara ta manta da ita.

Jaguar E-Type ita ce misali mafi daɗin bayani. An nuna ta ga duniya a watan Maris na 1961 a bajekolin motoci na Jeneba, ƙasar Suwis. Kamfanin Sir William Lyons ne ya ƙera ta a masana'antar Browns Lane da ke Coventry, wanda ya zana jikinta kuma Malcolm Sayer ne, mutumin da ya fara aiki a kamfanin jiragen sama na Bristol, kuma shi ya zana D-Type da ta ci tseren Le Mans sau uku a jere, 1955 da 1956 da 1957. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, an kuma yi mata kirarin gudun kilomita 240 a awa, a kan kuɗi fam 2,000 da ƴan kai, kusan rabin kuɗin Aston Martin ta lokacin. Jama'a suka yi cincirindo a Jeneba har aka sa direban gwaji Norman Dewis ya kwana yana tuƙi daga Coventry ya kawo mota ta biyu.

Sayer iska yake tunani. Ya yi wa motar dogon hanci mai ƙasa-ƙasa, da ɗan ƙaramin baki mai siffar ƙwai, don ta keta iska ba tare da ta ja da ita ba. Ta wannan ɗan bakin ne duk iskar da za ta sanyaya injin za ta shiga. A bayansa aka kafa lagireto na alminiyam, aikin kamfanin Marston na Wolverhampton, wanda ruwa ke ratsa shi daga gefe zuwa gefe maimakon daga sama zuwa ƙasa. Da yake hancin ya yi ƙasa, babu wurin tanki a kan lagireton, sai aka yi wani tankin ƙarfe dabam a bayansa, nan murfin yake. Fanka kuma ba bel ne ke juya ta ba kamar yadda aka saba a lokacin. Ta lantarki ce, da ƙaramin injin kamfanin Lucas da fiffike biyu tak, kuma wani makunni mai jin zafi na kamfanin Otter ne yake kunna ta in ruwa ya yi zafi, ya kashe ta in ya huce. A kan buɗaɗɗiyar hanya cikin sanyin Ingila, tsarin ya isa. Amma mafi yawan motocin Amurka aka kai su, inda za su tsaya cikin cunkoso da rani, kuma fiffike biyu ba su iya jawo iskar da ake bukata. Nan motar ta yi sunan zafi.

Daga nan kamfanin ya shiga gyara, kuma wannan gyare-gyaren shi ne tsanin da mai bincike yake takawa. A watan Oktoba na 1964 aka ƙara girman injin zuwa lita 4.2, aka bar alminiyam aka koma lagireto na jan ƙarfe da tagulla. Zuwa 1968 fanka ta zama biyu, kuma samfurin Series 2 da ya fito ƙarshen wannan shekara an faɗaɗa masa baki ƙwarai. A 1971 aka zo da Series 3 mai silinda goma sha biyu, lita 5.3, da baki mafi girma da raga a kansa. Lokacin da aka daina ƙera ta a 1974 an yi fiye da 72,000, kimanin 15,500 daga ciki masu lita 3.8 ne. Ke nan wanda ya buɗe murfin E-Type ta 1962 ya ga lagireton tagulla da fanka biyu, ya san an taɓa wurin, ko da mai ita ya yi rantsuwa. Daidai yake da ɗalibin da zai kawo maka wasiƙa ya ce ta zamanin Sarki Tanimun na Damagaram ce, alhali da biro aka rubuta ta.

Lagireton Marston na alminiyam ya yi ƙaranci a yau saboda dalilai biyu. Na farko, injin Jaguar gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa alminiyam, ga tagulla nan da can a hanyar ruwan. Ƙarafa dabam-dabam in suka haɗu cikin ruwa ɗaya suna zama kamar batir, wanda ya fi rauni shi ake ci, kuma alminiyam ne mai raunin. Maganin da ake zubawa a ruwan mota don hana daskarewa yana ɗauke da abin hana wannan ci, amma masu motoci da yawa a wurare masu zafi sun ga ƙanƙara ba matsalarsu ba ce, suka riƙa zuba ruwan famfo zalla. Na biyu, gyara. Kowa a cikinmu ya ga masu gyaran lagireto a bakin tasha da ƴar wutarsu da dalma, suna like na tsofaffin Peugeot 404 da 504, su buɗe tanki su zura tsinke su fitar da datti su mayar. Tagulla ce ke karɓar wannan aiki. Alminiyam ba ya kama dalmar da aka saba, don haka in ya huje a wancan zamani, sauya shi ya fi sauƙi. Da yawa aka jefar, aka maye gurbinsu da na tagulla.

To, yaya ake ganewa in an ci karo da wanda ake cewa na asali ne? Mai binciken kirki da takarda yake farawa. Gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust, wadda aka kafa a 1983, tana riƙe da littattafan masana'anta, kuma tana ba mai mota takardar shaida mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar jiki, lambar akwatin giya, launin farko, ranar da aka ƙera motar da ranar da aka fitar da ita. Takarda ce mai ƙarfi, sai dai ba ta cewa komai a kan lagireto ko fanka. Amfaninta a nan shi ne ranar. Da ita ake zuwa ga kundin kayan gyara na kamfanin da takardun sanarwa da yake aika wa dillalansa, domin Jaguar ba ta jiran sabuwar shekara kafin ta sauya abu. Tsakiyar aiki take sauyawa, ta rubuta cewa daga shasi mai lamba kaza ko inji mai lamba kaza, an koma sabon tanki ko sabon tiyo. Motoci biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta, kuma kowace tana kan daidai. Wannan yana kayar da masu saurin yanke hukunci da yawa.

Bayan takarda sai jikin abin kansa. Masu ƙera lagireto sukan manna ɗan allon ƙarfe mai sunansu da lamba. Kayan lantarki na Lucas kuma, har da injin fanka, ana buga musu lambar samfuri da lokacin da aka yi su, galibi wata da shekara. A nan ƙa'idar da kowane malamin tarihi ya sani take aiki: ɗa ba ya girmi ubansa. Motar da aka ƙera a watan Yuni na 1962 ba za ta fito daga masana'anta da injin fanka na 1965 ba. Abin da ake sa ran gani shi ne kwanan watan da ya riga na motar da ƴan makonni ko ƴan watanni, gwargwadon zaman da kaya ke yi a sito. Amma a lura da iyakar wannan shaida. Kwanan wata yana iya kore ƙarya, ba ya iya tabbatar da gaskiya shi kaɗai. Injin fanka na Afrilun 1962 ya dace da motar Yuni, sai dai yana iya kasancewa daga wata motar da ta yi haɗari aka ciro shi shekara ashirin baya. Kama da wane ba ta wane.

Shi ya sa masu harkar suke raba kaya gida-gida, kuma rigimar kuɗi duk a tsakanin gidajen take. Akwai wanda aka haifi motar da shi. Akwai ɗan zamaninta da aka ciro daga wata. Akwai tsohon sabo, wato wanda aka ƙera tun lokacin amma ya kwana a kwali a shagon wani dillali ba a taɓa ɗaura shi ba. Sai kuma kwaikwayo na yau, wanda wani ya yi kyau har sai an sa ido sosai. Kwaikwayo ba laifi ba ne in an faɗa, da shi ne dubban motocin nan suke tafiya. Laifin yana farawa ran da aka sayi sabon allon suna, domin ana buga su ana sayarwa, aka manna wa sabon lagireto, aka shafa masa ƙura aka ce na 1961 ne.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ƙananan abubuwa ne suke tona shi. Waldar alminiyam ta yau tana barin jerin ƙwayoyi masu kyau ɗaya bisa ɗaya, wanda ya bambanta da haɗin masana'antar wancan lokaci. Sabon lagireto yakan fi kauri, domin an yi shi ne ya fi tsohon aiki. Lambar da aka buga shekara sittin baya tana da tsatsa da fenti a cikin raminta daidai da na kewayenta, sabon bugu kuwa bakinsa yana da kaifi. Ko maɗaurin tiyo ana dubawa: Jaguar ta lokacin ta yi amfani da na kamfanin Cheney, sunan yana jikinsu, kuma su ne farkon abin da makanike ke jefarwa. Ana duban kan noti, ko sufana ta taɓa cin gefensa. Ana duban datti ma. Ƙurar da ta haɗu da mai ta daskare a lungu, in ta bi lagireto da maƙalarsa da shasi ba yankewa, shaida ce cewa sun daɗe tare. Wanda ya wanke wannan dattin da injin feshi kafin a ɗauki hoto ya goge shafi guda na tarihin motar da hannunsa. A ƙarshe ana gwada abin da hotunan masana'anta da kuma motocin da aka san ba a taɓa kwance su ba. Shaida ɗaya ba ta isa, sai uku ko huɗu sun yi magana da baki ɗaya.

Wani zai ce duk wannan wasan masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wurin da sanin asali yake ceton inji. Injinan Jaguar na wancan zamani suna da wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya je lagireto ba, don inji ya yi saurin ɗumama da safe. Makullin zafi na asali yana da wata riga ta ƙarfe a jikinsa: in ya buɗe hanyar lagireto, rigar tana motsawa ta toshe gajeriyar hanyar. Da aka daina yin irinsa, aka riƙa sa na zamani mai girma ɗaya amma marar riga. Yana shiga daram, yana buɗewa a kan lokaci, sai dai gajeriyar hanyar tana nan a buɗe, wani kaso na ruwan zafi yana ta kewaya inji bai taɓa ganin lagireto ba. Mutane suka yi ta sayen manyan fankoki suna zagin injiniyoyin Coventry, alhali ciwon yana cikin wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba. Wannan ya kamata ya sa mu yi tunani a kan al'adar da ta yaɗu a garejinmu ta cire makullin zafi gaba ɗaya da hujjar cewa ƙasarmu ba ta sanyi. A injin da aka tsara da irin wannan gajeriyar hanya, cirewar tana iya ƙara zafin da ake gudu.

Jamusawa wata hanya suka bi. Porsche 356 ta 1948 ta gaji tsarin Volkswagen mai siffar kunkuru: inji a baya, babu ruwa ko ɗigo, fanka ce ke hura iska a kan silinda masu ƙunduƙuƙi kamar na babur. Magajiyarta an nuna ta a Frankfurt a 1963 da suna 901, sai Peugeot ta ce lambobi uku masu sifiri a tsakiya nata ne a Faransa, kamar 404 da muka sani, aka mayar da sunan 911. Sunan farko bai ɓace ba, ya zauna a jikin ƙarfe: lambobin kayan 911 na farko da yawa da 901 suke farawa, kuma mai bincike yana karanta su. A wannan mota kayan sanyaya su ne fanka, gidanta, rumfar da ke rarraba iska a kan inji, da abin sanyaya baƙin mai, domin mai yana kwashe zafi mai yawa a irin wannan inji. Rumfar ma tana magana da launinta. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, ja ta 911S ce, kore ta 911E, ta 911T kuma baƙa, ko rawaya a wasu samfuran. Da yake S ta fi T tsada nesa ba kusa ba, an sha ganin jar rumfa a kan injin da ba nata ba, sai lambar inji da katin masana'anta da ake kira Kardex su raba gardama.

Labarin fankar 911 shi ne ya fi ba ni dariya. Ta asali fiffike goma sha ɗaya gare ta. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da dokokin hayaƙi na Amurka suka tsananta, kamfanin ya sa wa injin lita 2.7 fanka mai fiffike biyar, aka kuma ƙara wa wasu motocin na'urar ƙone ragowar hayaƙi mai tsananin zafi dab da inji. Gangar injin ta maganiziyam ce, ƙarfe marar nauyi amma mai laushi, zafi ya riƙa sa dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda suna zarewa daga mazauninsu. Masu motoci suka yi ta cire mai biyar suna mayar da mai goma sha ɗaya, kamfanin ma daga baya ya koma gare ta. Yau wanda ke son motarsa ta zama yadda ta fito daga masana'anta dole ya nemo fankar da kowa ya san ita ce mafi rauni.

Wannan gardama ta iska da ruwa ta taɓa ratsa ƙasarmu da ƙafafunta. A tseren Paris-Dakar na 1984, René Metge ya yi nasara da Porsche 911 mai jan ƙafa huɗu, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi. A na 1986, wanda ya bi ta Agadas da Tenere da Yamai, ya sake yin nasara da Porsche 959, Jacky Ickx yana biye da shi. Injin 959 rabi da rabi ne: silinda iska, kawunansu ruwa, domin ƙarfin ya kai inda iska ba ta iya kwashe zafin kan inji. Alama ce ta abin da ke tafe. 911 ta ƙarshe mai sanyin iska an ƙera ta a 1998.

Saura tambayar da ta raba masu tsofaffin motoci gida biyu: me ake nufi da adana abu? Shekaru da yawa gasar nuna motoci, irin ta Pebble Beach a Kalifoniya da aka fara a 1950, ta fi ɗaukaka motar da aka kwance kaf aka sake ta tana walƙiya. Sakamakon shi ne motoci masu kyan da ba su taɓa yi ba ko ranar da suka fito: lagireton da masana'anta ta fesa wa baƙin fenti sama-sama an goge shi kamar madubi, tsofaffin kayan kuma an zubar. A ganina wannan ya fi tsatsa ɓarna, domin tsatsa tana barin shaida, mai gogewa kuwa ba ya bari. A hankali ra'ayi ya juya. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a watan Janairu na 2013, tana bin sawun Yarjejeniyar Venice ta 1964 a kan gine-ginen tarihi. Ruhinta shi ne a bar abin da za a iya bari, abin da aka sauya a rubuta shi, kuma sauyin da mota ta samu a tsawon rayuwarta shi ma tarihi ne. Mu da muka san yadda ake sabunta yaɓen babban masallacin Agadas ba mu ga baƙon abu a nan ba: ginin ƙasa da ba a taɓa shi ba rushewa yake, motar da ba a sauya mata tiyo ba ƙonewa take. A 2024 babbar kyautar Pebble Beach ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 daga rukunin motocin da aka adana ba a sabunta su ba, karo na farko a tarihin gasar.

Masu E-Type da yawa da ke son hawa motarsu sun samo matsakaiciyar hanya. Suna ɗaura sabon lagireto mai kauri da fanka mai fiffike da yawa, a kan ramukan noti na asali ba tare da huda sabo ba, don a iya mayar da komai yadda yake. Tsohon Marston kuwa, in suna da shi, sai a tsiyaye ruwansa, a bar shi ya bushe, a ɗauki hoton allon sunansa, a sa shi a akwati tare da fanka mai fiffike biyu da maɗauran Cheney da takardar da ta nuna ranar da aka cire su da kilomitan da motar ta yi a ranar. Ran da za a sayar da motar, akwatin yana bin ta, kuma mai saye da ya san abin da yake yi yakan buɗe akwatin kafin ya tada injin.